'Yata Mai Gawayi da Halittar da Ta Ƙi Kira Gizo-gizo

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha biyu ga watan Rajab, Allah Ya karɓi ran 'yata ta biyu, wadda ƙannenta ke tsokana da Mai Gawayi, bayan gajeriyar jinya. Ta bar miji da 'ya'ya biyu, ta bar ni.

Ban saba yabon ɗa a gabansa ba, kin sani. Yabo yana lalata yaro. Yau da ba kya ji, zan faɗa.

Kin yi karatu kin zama malamar jami'a, amma kullum faratanki baƙi ƙirin. Kina bin tsofaffin ramukan kwal kina tsinto duwatsu, ki zo ki baje su a teburin cin abincina. Na yi faɗa har na gaji. Ke kuwa sai ki share teburin, ki dafa mini shayi, ki duba ko na sha maganin hawan jinina, sannan ki sake baje su.

Wata rana kika fasa wani dutse biyu, kika miƙo mini gilashin ƙara girma. Na ga wani abu bai kai farcen babban yatsa ba, mai ƙafa takwas. Na ce gizo-gizo ne, a fitar mini da shi. Kika yi dariya, kika nuna mini bayansa, falle-falle a jere kamar sulke, kika ce gizo-gizo ba ya da wannan, kuma duk binciken da kika yi ba ki ga inda yake fitar da zaren saƙa ba. Ɗan'uwansa ne dai na nesa, danginsu sun ƙare tun kafin a yi ɗan Adam. Ƙaninki ya ce to a ƙyale bawan Allah a gizo-gizonsa mana, tunda bai kai ƙara ba.

Kika ce, "Mama, ba ke kika hana mu jingina wa mutum uban da ba nasa ba?"

Shekaru kika yi kina zana ƙafafunsa gaɓa-gaɓa. Shugaban sashenku yana ganin gizo-gizo ne, kina girmama shi, amma ba ki sa hannu kan ra'ayinsa ba.

Da ya zo gaisuwa, idonsa jawur, ya ce za su karrama ki, su raɗa wa halittar sunanki, a jera ta cikin gizo-gizai. Na ce masa ni ban san ilimin nan ba, 'yata na sani. In za a sa sunanta, a sa shi inda ta tsaya. In ba haka ba, a bar mata sunanta, ba ta roƙi kowa ba. Ya yi sallama ya tafi. Jiya ya aiko cewa za a buga bincikenki yadda kika bar shi, shi kuma ya rubuta saɓaninsa daban. Haka mutanen kirki ke yi, 'yan baya ku koya.

Kin taɓa gaya mini halittar kanta ba ta cikin dutsen, gurbin da ta kwanta ne kawai ya rage. Kujerarki tana nan a gefen tebur, katifarta ta lotsa daidai zamanki. Na hana kowa gyara ta.

Allah Ya jiƙanki, Ya yafe miki, Ya haskaka kabarinki. Ni na yafe miki duniya da lahira. Ina yi wa mijinki, 'ya'yanki, ƙannenki da ɗalibanki ta'aziyya. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya raya abin da kika bari. Amin.