Jirgin da Ya Riƙe Sasi

Shekara ashirin da uku ina ganin Sasi kusan kullum, ban taɓa ganin hannunsa babu kwalta ba. Ko ranar Idi ya miƙo maka hannu, sai ka duba naka bayan kun rabu. Ni Hattab, aikina gasa gurasar jiragen yaƙi a nan Garul Milhi, wadda ake mayarwa wuta sau biyu har ta bushe ƙamas don ta yi watanni a teku. Shi kuwa mai toshe tsagar jirgi ne. Ya cusa zaren rama tsakanin katako da katako, ya daddaka da guduma, ya bi da kwalta mai zafi.

Daga tsibirin Karkana aka kwaso shi, su arba'in, lokacin da aka fara gina babban jirgin nan Yakuta. Yana da shekara ashirin da shida, matarsa Shalbiya ko arba'in ba ta yi ba da haihuwar 'yarsu Janat. Dokar tasharmu tun kaka da kakanni ita ce, wanda aka ɗauko saboda wani jirgi ya zama na jirgin. Babu sallama sai ranar da jirgin ya fita teku, ko ranar da aka farfasa shi. Sasi bai damu ba, don an ce masa shekara biyu ce.

Aka yi huɗu. Ranar da za a fitar da jirgin gari ya cika, aka yanka raguna, aka buga igwa. Sasi ya riga ya ƙulle kayansa, har ya sayi ɗan awarwaro na Janat. Jirgi ya taso daga tafkin da aka gina shi, yana tafiya a hankali, ya kai mashigin da ke fita teku, sai gindinsa ya kama yashi ya tsaya cak. Aka ja, aka tura, aka sauke igwoyi, a banza. Da ƙyar aka janyo shi baya.

Dalilin har yau in na tuna raina ɓaci yake. Kamu uku muke awo da su a ƙasar nan: na Larabawa, na Turkawa, na Andalusawa. Takarda ta ce jirgi ya nutse kamu takwas, mashigi a haƙa kamu takwas. Magina suka auna da na Turkawa, don shugabansu a Istambul ya koyi aiki. Mahaƙa mutanen ƙauye ne, suka auna da na Larabawa da suka sani, wanda ya gaza wancan da taƙi guda. Kowa ya yi takwas ɗinsa daidai, babu wanda za a kama. Aka ce za a ƙara haƙa, sai aka kwashe mahaƙan aka kai su ginin bariki. Kogin da ke kusa kuma bai fasa zubo yashinsa a mashigin ba kowace damina.

Babu mai ƙarfin halin rubuta wa Tunis cewa jirgin da aka kashe wa dukiya haka ba shi da amfani. Sai ya zauna cikin jerin jiragen da ke shirye. Kowane kwana arba'in a zubar da ruwan gangunansa a cika sabo. Kowane wata uku in kai gurasa buhu-buhu, in kwaso tsohuwa da ƙwari suka ci a ba alfadarai. Mutanen gari suka sa masa suna Amarya, wai an yi lalle an yi kiɗa, ta ƙi tarewa.

Duk farkon bazara mai duba jirage yakan zo daga Tunis da wata doguwar basilla. Ya bi katako yana sokawa. In ta shige, jirgi ya ruɓe, a farfasa, a sallami mutanensa. In ta ƙi, sai baɗi.

Waɗanda aka kwaso tare da Sasi suka riƙa raguwa, wasu zazzaɓin fadama ya kwashe, wasu suka gudu. Sasi ba shi da halin gudu. Su mutanen Karkana gonarsu a cikin teku take, kowane gida da yankinsa da yake kakkafa ganyen dabino ya tare kifi. Wanda ya gudu, a ƙwace ta gidansu. Da ita Shalbiya take ci da kanta da 'yarta.

Wata rana, a shekara ta goma sha ɗaya, ya zo shan inuwa bakin tanderuna, na ce masa, "Kai Sasi, wai kai ba ka da kai ne? Wa ke riƙe da kai a garin nan?"

Ya ce, "Amarya mana."

"Wa ke riƙe da Amarya ba ta ruɓe ba? Ba kai ba? Ka yi wa kanka kurkuku, kullum kana yaɓe katangar. Ɗan'uwa, ka ajiye gudumar nan wata shida, ruwa ya yi maka aikin."

Ya ce zai gwada. Kwana goma sha tara ya yi. Rana ta ashirin da hantsi na jiyo ƙarar gudumarsa daga cikin jirgi. Da ya fito na tare shi da zagi. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Hattab, na ga wata tsaga tana tsatsafo da ruwa, na kasa cin abinci. Ubana ya ce duk tsagar da ka gani ka wuce, ran wani ka wuce."

Na ce, "Ran wa? Ɓeraye kaɗai ke hawan jirgin nan."

Ya ce ya sani. Na ji kamar in kwaɗa masa itacen wuta, na kuma ji tausayinsa har na ba shi gurasa mai laushi, ba irin ta jirgi ba.

A shekara ta goma sha takwas wani masunci ɗan garinsu ya kawo saƙo. An sa ranar Janat bayan girbin sha'ir. Ta ce a gaya wa babanta ba ta san fuskarsa ba, ba ta roƙon komai sai ya zo ya ba da ita da bakinsa. Sasi ya wanke hannu iya yadda zai wanku, ya je gaban Dalawar, wakilin tashar.

"Ranka ya daɗe, kwana ashirin kawai. Wallahi zan dawo da ƙafata."

Dalawar ba mugu ba ne, matsoraci ne, wanda a wurina ya fi mugu ɓarna. Ya ce, "Baba Sasi, jirgin da ke shirye mutanensa suna kusa da shi. In takarda ta zo gobe aka ce ku fita fa?"

"Mu fita ta ina, ranka ya daɗe?"

"Wannan ba ni aka tambaya ba."

Daga can gidana ya zo kai tsaye, ya miƙo mini gudumarsa da ƙarafan cusawa. Ya ce, "Ka ɓoye. Ko na yi kuka kada ka ba ni." Na binne su a ƙarƙashin tokar tanderu. Wata biyar, duk sanyin shekarar nan da ruwansa, bai taɓa jirgin ba. Da safe ya shiga ya zauna, da la'asar ya fito. Ya rame. Sau biyu ya zo ya tsaya a ƙofata, ni kuwa na yi kamar ban san abin da ya kawo shi ba.

Bazara ta zo, mai duba jirage ya zo. Na bar gurasa a wuta na bi su ciki. Ruwan da ya taru a ƙasan jirgin ko idon sawu bai rufe ba. Mutumin ya soka basilla a gefe, ta ƙi. Ya sauka ƙasa inda ruwa ke kwance ya soka, ta ƙi. Ya sa ƙarfinsa duka, basillar ta lanƙwashe. Ya ɗago yana murmushi.

"Wa ke kula da wannan?"

Dalawar ya turo Sasi gaba.

"Allah ya yi maka albarka, dattijo. Na duba jirage daga nan har Jarba, ban ga aiki irin naka ba. Wannan ko an bar shi haka nan, zai yi shekara goma nan gaba." Ya sa aka kawo sabuwar jar hula, ya ɗora masa a kai da hannunsa.

Sasi ya yi godiya. Ni ne na fita waje, don na ji idona ya ciko.

Ya naɗe hular tare da awarwaron nan da ya saya tun ranar da jirgi ya kafe, wanda yanzu ko yatsu uku na Janat ba za su shiga ba, ya ba masuncin ya kai. Da ranar auren ta zo, ƙanen Sasi ne ya ba da Janat. Washegarin duba jirgin kuwa Sasi ya zo ya ce in tono masa gudumarsa. Ban yi masa musu ba.

Bayan shekara biyar ya rasu, muka binne shi a bayan fadamar gishiri. Aka ba wani aikinsa, malalaci na gaske. Duk da haka sai da jirgin ya ƙara shekara shida kafin basilla ta shige. Aka sallami mutum uku da suka rage cikin arba'in ɗin, aka farfasa Yakuta, aka turo mini katakon a amalanke in yi makamashi. Kowane katako na ɗauka, zaren Sasi na nan manne a gefensa, ko da wuƙa ba ya ɓamɓaruwa. Wata bakwai ina gasa gurasar wani jirgi da shi, ban taɓa samun itacen da ke cin wuta kamarsa ba.