Gemun Bassu da Fim ɗin Ɗansa

A garin Warzazat gemu sana'a ne. Duk sanda baƙi Turawa suka zo ɗaukar fim ɗin mutanen da, masu gemu suke nema su cika musu kasuwa ko fagen yaƙi. Shi ya sa Bassu bai bari aska ta kusanci haɓarsa ba tun yana saurayi. Ya fito a bawa, ya fito a sojan Fir'auna. Mutuwa kuwa babu irin wadda bai yi ba, a soke shi da mashi ya kwanta cikin rana sai an ce gawawwaki su tashi. Abu ɗaya ne ke cin ransa: ba a taɓa jin muryarsa a fim ba, ko da "wayyo" ce.

Da ɗansa Nufal zai shiga kwaleji, Bassu ya so ya karanta koyar da motsa jiki, don otal-otal ba sa rabuwa da neman mai horar da baƙinsu. Yaro ya kafe shi sai sashen haɗa fim. Uwarsa Ittu ta ce gida ɗaya bai ɗaukar mahaukata biyu. Bassu ya yi faɗa a baki, a zuci kuwa daɗi ya ji, barewa ai ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

A shekarar ƙarshe aka ce kowane ɗalibi ya haɗa gajeren fim, da shi za a yi masa hukunci. Nufal ya tsara labarin tsohon direban babbar mota mai sallama da motarsa. Ranar Juma'a, suna kan kuskus, ya ce, "Baba, kai ne direban. Kai kaɗai a fim ɗin, kuma magana za ka yi daga farko har ƙarshe."

Loma ta tsaya wa Bassu a hannu.

Nufal ya ƙara da cewa, "Sai dai fa direbana ba shi da gemu."

Ittu ta ce, "Baban Nufal, an ce masu fim na nan tafe bayan salla. In ka aske, gemun wa za mu ci?"

"Ke dai bari. Ciyawa ce, za ta sake tsirowa."

Wanzami sai da ya tambaye shi sau biyu ko lafiyarsa ƙalau. Abokansa na teburin shayi suka sa masa suna ango. Bai kula ba. Ya hau rufin ɗaki yana ta bitar maganganunsa har Ittu ma ta haddace. Ranar ɗauka ya dafa ƙofar wata tsohuwar mota ya yi mata magana, ya yi hawaye na gaske.

Bayan salla baƙin suka iso kamar yadda aka faɗa. Mai zaɓen mutane ya bi layi, ya tsaya a kansa ya kwashe da dariya. "Haba Bassu, da wannan haɓar kamar ɓararren ƙwai? Je ka gida ka huta." Abokansa suka yi wata guda suna mutuwa ana biyansu, shi yana gida. Naman tukunyar Ittu dai ya koma wake.

Ranar nuna finafinan ɗalibai ya sa farar jallabiyarsa, ya kwashi Ittu da 'yan teburin shayi zuwa zauren kwalejin. Sai ga fuskarsa ta cika bango. Baki ya buɗe, leɓɓa na motsi, amma goge ne ke tashi. Ya ɗauka na'ura ce ta samu matsala, ya juya yana neman wanda zai gyara, ba wanda ya motsa. Har fim ya ƙare goge ne. Zaure ya ɗauki tafi, malamai suka ba Nufal maki mafi yawa, Bassu kuwa takaici ya hana shi ko ɗaga hannu.

A bakin ƙofa Nufal ya rungume shi yana murna. Bassu ya ce, "Ɗan nan, ina maganata?"

Yaron ya sunkuyar da kai. "Baba, malaminmu ne ya ce surutu ya yi yawa. Ya ce fuskarka ta fi bakinka iya magana. Da ban cire ba, da ban samu makin nan ba. Na so in gaya maka."

Bassu ya shafa haɓarsa, tsiron gashi ya soke shi a tafin hannu.

"Turawa ma haka suke ce mini," in ji shi. "Amma su sun bar mini gemuna."