An Yanke Wasan Kafin A Wanke Nila

Petronila Waine, wadda kowa ke kira Nila, 'yar lardin Simbu ce, daga wani ƙauye a saman garin Kundiyawa inda gonakin dankali ke manne a jikin dutse. Ni na riƙe mata kyamara a Mosbi, babban birnin ƙasarmu, shekara da shekaru, saboda haka abin da zan faɗa a gabana aka yi yawancinsa.

Malanta iyayenta suka zaɓa mata, ta kuma yi, har ta koyar a wata firamare kafin ta ajiye alli ta hau jirgi zuwa Mosbi. Da tallan shinkafa ta fara fitowa a talabijin. Daga nan ta rubuta wasan barkwanci a kan wata mai sayar da buwai, goron ƙasarmu mai rina baki, a bakin kasuwa, mai baki ja da harshe kamar reza, ita ta fito a matar, ita ta nemo 'yan wasa, wani lokaci ita ke dafa mana abincin rana. Wasan ya karɓu. Direbobin bas suka daina karɓar kuɗinta. A ƙauyensu, ranar da za a nuna shi, akan tayar da janareto a gidan kallo, a ajiye wa mahaifiyarta benci a gaba.

Abin da ya sauya mata hanya shi ne mutuwar goggonta Druwa, wadda ta goye ta tana ƙarama. Wani yaro ya mutu a maƙwabta, aka ce Druwa ce ta cinye shi, aka kama ta. Nila ba ta taɓa gaya mini abin da aka yi mata ba. Ta dawo daga zaman makoki ta rufe ƙofa, ta fito da sabon wasa a kan wata bazawara da aka yi wa ƙazafin maita bayan mutuwar wani yaro.

Babu 'yar wasan da ta yarda ta fito a bazawarar. Ɗaya daga cikinsu, Seli, ta ce mata, "Yaya Nila, ni fa ina da gida da zan koma. Mutanenmu ba sa raba wasa da gaske."

"To zauna da gidanki," in ji Nila. "Ni zan yi."

Ga yadda ta tsara shi. A rabin farko za a nuna labarin yadda masu ƙazafin suke ba da shi, har mai kallo ya gaskata. A rabi na biyu sai a warware, a ga ruwan rafi ne ya kashe yaron, a ga wanda ya ƙulla ƙaryar don yana son gonar matar. Na ce mata ko za a fara da gaskiyar.

"Gabi, kai dai riƙe kyamararka. In na fara da wa'azi za su tashi su tafi. Sai sun yarda da ƙaryar tukuna, sannan in nuna musu fuskarsu."

Akwai wani fage da aka ga bazawarar tsugune a kan sabon kabari, fuska duk toka, tana cin wani abu ja. Da rana tsaka muka ɗauke shi a Sogeri, can wajen birni, bayan wani coci. Dafaffen rogo ne da tumatirin gwangwani. Sai da muka yi ta maimaitawa saboda dariya na ƙwace mata.

An nuna rabin farko, gari ya ɗauka. Sai lokacin zaɓe ya zo, 'yan takara suka saye lokacin da ake sa wasan. Aka ce mu dakata da ɗaukar saura. Da aka gama zaɓe sai ga sabon manaja a tashar, wani Mista Heni, na raka Nila ofishinsa.

"Madam, ai kin yi ƙoƙari," ya ce. "Amma masu talla ba sa son sabulunsu kusa da kabari. Ki dawo mana da mai buwai, mutane na son dariya."

"Ranka ya daɗe, ka bar mace tsugune a kan kabari a idon duk ƙasar nan. Bari in tashe ta, sannan in ba ka dariyar."

"Wasa ne fa, Madam. Kowa ya san wasa ne."

A gurbin wasan nata tashar ta sa ƙwallon ragbi.

Wani ya yanko fagen kabarin shi kaɗai, ya shiga yawo a wayoyi. Babu sunan wasa a jiki, babu abin da ya zo kafinsa. A Mosbi abin ya fara da tsokana, samari na ce mata, "Anti, yau wa za a ci?" Tana mayar musu, "Kai ba ka da nama, je ka yi ƙiba." A ƙauye kuwa ba wanda ya yi dariya. Suka ce dama jinin Druwa ce, ga shi ta nuna kanta da kanta.

Bayan wasu watanni 'yar Mondo, ƙanen Nila, ta kwanta da zazzaɓi, ba ta tashi ba. Nila ta haɗa kaya za ta tafi, sai Mondo ya kira. Muna tare a ɗakin tace hoto, wayar a buɗe.

"Yaya, kada ki zo."

"'Yarka ce fa, Mondo. Ni na raɗa mata suna."

"Shi suke faɗa. Sun ce ke kika raɗa, ke kika ɗauke. Dangin uwarta sun zo, suna zaune a ƙofa."

"Kai fa? Me ka ce?"

Sai ya ce, "Ni a nan nake kwana, Yaya."

Nila ba ta je ba. Ta ƙudura sai ta ƙarasa wasan ko da tasha ko babu. Muka ari kayan aiki, wasu 'yan wasan suka zo don kunya, wasu suka kashe waya. Mun ɗauki kusan shekara muna yi a ranakun Asabar, kuma a ganina shi ne aiki mafi kyau da ta taɓa yi. Babu tashar da ta karɓa. Muka sa a intanet, 'yan jami'a suka yaba, wasu Turawa suka gayyace ta taro a otal aka tafa mata. Ba su ta yi wa ba. Ta tura wa Mondo, ta roƙe shi ya kai gidan kallo.

Ya kai, ba zan ci haƙƙinsa ba. Da ta tambaye shi yadda aka yi, sai ya ce, "Sun kalla har ƙarshe. Sun ce wa ya rubuta? Na ce ke. Suka ce to, mayya ta wanke kanta."

Mahaifiyarta ta rasu a damina ta gaba. Tun da abin ya faru tsohuwar ba ta ƙara zuwa gidan kallo ba, coci ma a benci na baya take zama ita kaɗai. Nila ta isa har Kundiyawa, wani fasto ya tare ta a tasha ya ce in ta hau dutsen nan ba zai iya kare ta ba. Ta kwana biyu a ɗakin baƙi na coci, aka binne uwarta tana iya hango hayaƙin ƙauyen. Aladen da ta saya don makoki, aka dawo mata da shi. Ba wanda zai ci.

Tun daga nan ba ta ƙara tsayawa gaban kyamara ba. Yanzu tana unguwar Gerehu, nan Mosbi, a ɗaki ɗaya, tana karanta sanarwa a rediyo, inda ba a ganin fuska. Matar mai gidan ba ta barin 'ya'yanta su karɓi komai daga hannunta. Mista Heni an ƙara masa girma.

Na je gaishe ta kwanakin baya, na tarar tana gasa dankali a bakin ƙofa. Na ce wasu matasa masu shirya fim suna son ta rubuta musu wani abu, kuma sun ce su ɗalibanta ne ko da ba ta san su ba.

"Me suke so?"

"Sun ce duk abin da kika ga dama."

Ta juya dankalin, ta ɓare ɗaya ta miƙo mini. "Ka ce musu na gode. Ka kuma ce musu duk abin da za su faɗa wa mutanen nan, su faɗe shi a kashi na farko."

Na ci, muka yi hirar tsadar haya da ciwon gwiwarta, na kama bas kafin rana ta faɗi.