Turame a Bakin Kwalta

Kafin a zuba kwalta, hanyar da ta ratsa ƙauyenmu yashi ce zalla. Motar da ta taso daga Gumel za ta Maigatari sai ta yi ta nishi a cikinsa, har kaza ta gama tonon da take yi ta kauce a tsanake. Ba mu taɓa jin cewa hanyar ta raba mu ba. Gidan Baba yana yamma da ita, gidan ƙanwarsa Gwaggo yana gabas, ni kuma aure ya ajiye ni a gabas ɗin, katanga ɗaya tsakanina da Gwaggo.

Tun da mahaifiyarmu ta rasu, kullum bayan la'asar Gwaggo ke kai wa Baba fura. Ba wai babu mai dama masa ba ne, ga matan yayyena nan cike da gida. Ita dai ta ce ba su san hannunsa ba, shi kuma bai musa ba. Idanunta sun daɗe da tafiya, yanar ido ce ta rufe su sannu a hankali, har ya zama haske da duhu kawai take bambancewa. Shi kuma Baba ƙafafu ne suka ƙi shi, iyakarsa zaure. In ta isa sai ta zauna a gefen tabarmarsa, ta dama furar a gabansa, su shiga musu. Wa ya bar akuya ta cinye shukar mahaifinsu suna yara, wace shekara ce rijiyar kudu ta ƙafe, wa ya fi wani taurin kai. Ban taɓa jin sun gama musu ɗaya ba, kiran magariba ne ke raba su.

Sai aka zuba kwalta. Ina tuna ta tana sabuwa, baƙa wuluk, miƙe sak tsakanin gonakin gero da riɗi, tana wani wari mai ɗumi. Da tsakar rana a bazara, in na leƙa ta kan katanga, sai in ga ƙarshenta ya narke ya zama ruwa, motoci suna fitowa daga cikinsa ba tare da tayoyinsu sun taɓa ƙasa ba. Nakan manta da tukunya a wuta ina kallo. Amma kyan nan daga nesa yake. Kafin ki ce ga mota can, ta riga ta wuce ki, ta bar miki iska da faɗuwar gaba. Awaki suka fara ƙarewa, sannan zabi, waɗanda dama ba su taɓa sanin gabas da yamma ba.

Gwaggo ba ta fasa ba. Takan zo bakin kwalta da ƙwarya a hannu, ta tsaya, ta janye mayafi daga kunne ɗaya, ta karkata kai. Haka za ta yi shiru har sai ka ɗauka barci take a tsaye. Ta ce mini hanya tana magana tun kafin mota ta bayyana. Babbar mota in ba kaya a cikinta kwaramniya take yi, in ta ɗauko shanu gurnani take daga ciki, ɗan acaɓa kuwa kukan sauro ne da shi. In duk suka yi nisa, akwai wani shiru da ke sauka, har tana jin kurciya a kan gawon bayan masallaci. A cikin wannan shirun take tsallakawa. Mun sha cewa ta bari a riƙe mata hannu, ta ce ita ba tunkiya ba ce da za a ja ta zuwa gidan ubanta.

Wata ranar Laraba wata ƙaramar mota ta zo a guje, irin waɗanda ba su da ƙara. Gwaggo ta kusa kaiwa ɗaya gefen ke nan motar ta wuce ta bayanta, iskarta ta ɗauke faifan da ke kan ƙwaryar ta cilla shi cikin zana. Ita ko gezau, sai tambaya take wa ya ɗauke mata faifai.

Maza suka taru a ƙofar mai unguwa. Mu mata a bakin mazajenmu muke jin irin wannan taro, kowace da rabin labarinta, sai mun haɗu a rijiya mu ɗinke shi. An yanke a yi tudu a kan kwalta, ɗaya a mashigar gari ta kudu, ɗaya ta arewa. Aka kira gayya, har da kiɗa. Aikin kuwa aka danƙa shi a hannun maginin da ke yi mana rumbu, mutumin da bai san ginin wasa ba. Ya sa aka kwaɓa jar ƙasa da ciyawa, aka bar ta ta ruɓa yadda ake yi wa ƙasar gini, sannan ya ɗora ta ya shafe da hannu. Da ya gama, abin gwanin sha'awa, sumul, tsayinsa ya kusa gwiwa. Mutane daga Ɗanzomo ma sun tsaya kallo.

Gudu dai ya mutu murus. Kowace mota sai ta zo ta rusuna, ta hau da ƙafar gaba, ta yi tunani, sannan ta jawo ta baya. Na yi murna ƙwarai. Abin da ba wanda ya hango shi ne, mutumin da ya rage gudu yana buɗe ido. Direbobin da suka shekara suna wuce mu ba su san muna nan ba, yanzu suka ga layin darbejiyar da kakanninmu suka dasa a tsakiyar gari, suka ga inuwa mai sanyi, ga masallaci, ga rijiya. Ɗaya ya tsaya yin alwala, wani ya tsaya saboda ya ga ɗaya ya tsaya. Da farko ranar Laraba ce kawai, jajiberin kasuwar Maigatari. Daga baya ya zama kullum. Manyan motoci suka jeru gefe da gefe, na kudu masu zuwa ɗaukar shanu, da na Damagaram da masu su ke kira kamiyo. Mai shayi ya kafa tebur, mai tsire ya biyo shi. Wasu ba sa ma kashe inji, ga rediyo, ga bugun taya.

Rannan na ga Gwaggo a bakin hanya, a ɗan tsukin da ke tsakanin motoci biyu. Ta janye mayafi daga kunnen dama, ta mayar, ta janye daga na hagu. Ta daɗe a haka. Sannan ta juyo da ƙwaryarta ta koma gida. Da na bi ta, abin da ta ce kawai shi ne, “Hanyar ta daina yi mini magana.”

Maza suka sake taruwa. Kowa ya yarda motocin nan sun yi yawa, amma wa zai faɗa? A garinmu ba a taɓa ce wa baƙo ya tashi daga inuwa ba. Mai unguwa da kansa ya sa babbar riga ya nufe su, da niyyar ya yi magana. Ya yi sallama, suka miƙe suna “ranka ya daɗe”, ya tambaye su hanya, ya tambaye su iyali. Daga nan bakinsa ya kuɓuce ya ce ko sun ci abinci. Da yamma sai ga akussan tuwo suna fita daga gidansa. Maigidana ya ba ni labarin yana dariya, ni kuwa ban ga abin dariya ba.

Da dokar motoci ta gagara, sai aka yi mai sauƙi. Aka ce Gwaggo ta daina tsallakawa. Da mai unguwa ne kaɗai ya faɗa, da ko kallo bai ishe ta ba. Amma Baba ne ya sa baki, domin labarin faifan nan ya hana shi sukuni. Ya ce da ni, “Ki gaya mata na ce ta zauna.” Na gaya mata. Ta ce, “To, tunda Yaya ya ce.” Duk musun da suke yi, ba ta taɓa tsallake maganarsa ba.

Ni na koma mai kai furar. Ita za ta dama a gida, in ɗauka in ratsa ta tsakanin tayoyin da suka fi ni tsayi. Baba zai karɓa, ya kurɓa, ya ajiye, ya ce zai sha anjima. Washegari in tarar an ba yara. Ya sa aka matsar da tabarmarsa zuwa bakin zaure, yana fuskantar gabas, ba abin da yake gani sai haƙarƙarin mota da zanen dawisu a jiki. Ita ma da la'asar sai ta fito da kujerarta ƙofar gida ta fuskanci yamma. Suna zaune daura da juna, in da ba motocin ba, da tari ya yi za ta ji. Na ga rigar Baba tana yi masa yawa. Tsoro ya kama ni sosai, na ga tsofaffin nan za su ƙare a zaune, kowa a gefensa, saboda an rasa mai iya ce wa baƙo matsa gaba kaɗan.

Ana nan sai turmina ya tsage. Na gungura shi waje da safe, na bar shi a bakin kwalta ƙarƙashin darbejiyar ƙofarmu, kafin a zo a faskara. Can da hantsi na ji babbar mota tana shirin tsayawa, na leƙa. Direban ya taka birki nesa da turmin, ya sauko, wani ƙato da hula a karkace. Ya zagaya shi, ya dubi hagu ya dubi dama, ya ɗaga murya ya ce, “Salamu alaikum, ina mai turmi?” Na yi lamo a bayan katanga. Abu ne da zai ture da ƙafa ɗaya, amma a ina aka taɓa ganin namiji mai mutunci ya sa hannu a turmin matar wani, a garin da ba nasa ba? Ya jira, ya sake sallama, ya sosa ƙeya. Daga ƙarshe ya hau motarsa ya yi gaba da ita har bayan tudun arewa.

Ban jira la'asar ba na nufi rijiya, na kai wa matan gari labari. Ba gidan da ba shi da mataccen turmi a bayan ɗaki, na uwa ko na kaka, wanda ya huje amma an kasa rabuwa da shi. Washegari bayan asuba na fito na ji gari ya ɗauki wani gunji a hankali, mata ne ke gungura turame ta kowane lungu, ba mai ce wa wata uffan. Kafin rana ta fito sun jeru gefe biyu, daga masallaci har rijiya, manya da ƙanana, wasu baƙaƙe don tsufa, wasu da taɓarya kwance a baki. Raɓa ta sauka a kansu. Na tsaya ina kallonsu, na gane na mahaifiyarmu a cikinsu, wata matar yayana ce ta fito da shi.

Motocin da suka kwana suka tashi, waɗanda suka zo ba su sami wurin tsayawa ba. Ba a kori kowa ba, ba a ɓata wa kowa rai ba. Mazanmu suka bi ta gefen turamen zuwa gona suna kallon sama. Ranar Juma'a mai unguwa ya miƙe bayan salla ya sanar da cewa daga yau an hana tsayar da mota tsakanin turame, ya faɗe ta da murya irin ta wanda ya kwana yana tunaninta. Kunyar baƙi kuma ba ta bar su ba, sai da suka kafa musu rumfa ta kara a bayan gari, suka ajiye randa.

Saura maganar Baba, wadda ba turmin da zai ɗage ta. Da la'asar na kai masa furar yadda na saba. Ya karɓa bai kurɓa ba. Idonsa yana can tsallaken kwalta, inda Gwaggo ke zaune a kujerarta, hannuwa a cinya, fuska a ɗage. Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya miƙo mini ƙwaryar ya ce, “Furar nan ta yi ruwa. Je ki ce mata ta zo ta ga abin da take aiko mini.”

Na faɗa mata. Ta shiga ɗaki ta ɗauko wata ƙwaryar da curin fura da nono. Na miƙa hannu, ta ture shi. Na bi ta a baya kaɗan, ita kuwa tafiyarta take a natse har ta taka yashin yamma.

Ta yi sallama a bakin zaure. Baba ya amsa, ya dube ta sama da ƙasa, ya ce, “Auta, kin rame.”

Ta tsaya da ƙwarya a hannu, ta karkata kai wajensa. Ta ce, “Sake faɗa, Yaya.”

Ya sake faɗa.

Ta ce, “Kai ma muryarka ta rame.”

Ta laluba gefen tabarmar ta zauna, ta ce in ba ta ludayi.