Ranar da Muka Cire Bappa daga Ƙungiya

Ina koyar da lissafi a wata sakandare a Jimeta lokacin da na faɗa wasan nan na waya. Wasan gina gari ne da yaƙi: ka tayar da ganuwa, ka tara sojoji, ka shiga ƙungiya, ƙungiyarku ta kara da wata. Tamu mutum talatin ce, kusan duka 'yan Yola da Jimeta. Wanda ya kafa ta mai shagon gyaran waya ne a kasuwa. Iyayensa daga kudu maso gabas suka zo, amma a unguwar Luggere aka haife shi, layi biyu tsakanin gidansu da namu. Oga muke ce masa. Shi ne admin, wato shi ke shigar da mutum, shi ke da ikon korarsa.

Dokokinsa ba yawa. Ba zagi, ba siyasa, ba gardamar addini. Sama da shekara muka yi bai kori kowa ba.

Wanda ya fi kowa shekaru a cikinmu wani dattijo ne a Mbamba, can gefen Yola, tsohon malamin gona da ya yi ritaya. 'Yarsa ce ta saka masa wasan don ya rage zaman kaɗaici. Bappa muke kiransa, yadda ake kiran ƙanin uba da Fulatanci. Hannunsa yana ɗan rawa, saboda haka in ya kai hari sai ya zube sojojinsa gaba ɗaya a bakin ganuwa, a karkashe su. Mukan yi dariya, shi ma ya yi. Amma duk wanda ya roƙi taimakon sojoji a zauren hirarmu, kafin ya ajiye waya Bappa ya tura masa. Kowace safiya kuma shi ke fara aiko saƙon murya, ya gaida mu ɗaya bayan ɗaya, har ya tambayi jikin mahaifiyar wanda ya taɓa cewa ba ta da lafiya. Ba wanda ya taɓa ganinsa ido da ido.

Sai wata rana wasan ya ƙi buɗewa sai an sabunta shi. Waɗanda suka ƙirƙire shi, can ƙasar da ba mu sani ba, sun kawo sabon tsari. Yanzu duk mako za a jera ƙungiyoyi, wadda ta yi ƙasa ta rasa kyaututtukanta. Makin kowane mutum kuma ya fito a gefen sunansa, kowa na gani. Na sama kore ne, na ƙasa ja. A gefen ja ɗin suka ɗora wani ɗan maɓalli na cirewa, wanda admin kaɗai ke gani.

Sunan Bappa ne ja, mako na farko da na biyu.

Har yau ina mamakin saurin da muka canza. Akwai wata nas a cikinmu, 'yar kudancin jihar nan, muna ce mata Sista. Ita ce mai raba faɗa, ita ke rarrashin duk wanda ya sha kaye. Ranar da muka sauka mataki ɗaya, ita ce ta rubuta: “Wanda ba zai iya ba ya ba mu wuri, nan ba gidan tsofaffi ba ne.” Sau uku na karanta, ina duba sunan ko na wani ne. Na jira Oga ya tsawatar, tunda dokarsa ce. Bai tsawatar ba. Wannan ya buɗe wa sauran baki. Bappa ba ya iya karanta ƙananan rubutu sosai, don haka duk abin nan a rubuce aka riƙa yinsa, shi kuwa yana ta aiko gaisuwarsa.

Sai Oga ya naɗa ni admin na biyu, wai na san lissafi. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Na zauna na fitar da cewa in ba makin Bappa a ciki, da mun haye.

Ranar Alhamis, ina ofishin malamai ina duba takardun gwaji, Oga ya kira ni.

“Malam, abeg ka cire shi,” in ji shi. “Ni ba zan iya ba, ya yi kama da babana.”

“To me ya sa ni?”

“Kai ne ka yi lissafin.”

Na buɗe wasan. Na danna maɓallin cirewa. Wasan ya tambaye ni ko na tabbata, na sake dannawa. Ban fi daƙiƙa biyu ba. Wani ya turo fuskar dariya a zauren, wani ya rubuta mun huta. Na koma kan takarduna, har na gama aji guda.

Ranar Asabar da hantsi ina zaune a benci a shagon Oga, sai ga wani dattijo dogo, siriri, cikin farar riga mai guga, yana tambayar maƙwabta ina mai gyaran waya ɗan Luggere. Yana yin sallama na gane muryar.

“Kai ne Oga?” Ya kama hannunsa da hannu biyu. “Ni ne na Mbamba. Wayata ce ta lalace. Kwana biyu ba na ganinku. Na ce bari in kawo wa ɗana ya duba, kada yaƙin gobe ya wuce ni, yara su rasa sojoji.”

Keke napep biyu ya hau kafin ya iso, sannan ya yi ta yawo a kasuwa yana cigiya.

Oga ya karɓi wayar. Ina kallonsa ya juya ta, ya cire murfin, ya hura, ya goge gilashin da gefen rigarsa. “Bappa, netwok ne,” ya ce. “Wannan waya ya tsufa. Ka bar shi, zan duba.” Muryarsa ko rawa ba ta yi ba. Shekara nawa na san mutumin nan, ban taɓa jin ya yi wa kwastoma ƙarya ba.

Ban san lokacin da na miƙe ba.

“Bappa, wayarka lafiyarta ƙalau. Ni ne malamin lissafi. Ni na cire ka.”

Ya dube ni, ya dubi Oga, ya sake duba na.

“Na zagi wani ne?”

“A'a, Bappa.”

“To me na yi?”

Na yi masa bayanin maki, da jerin mako, da ja da kore. Ina magana ina jin yadda maganar ba ta da kan gado a gaban mutum mai furfura. Ya saurara har na gama.

“Ja ɗin nan,” ya ce a hankali, “na ɗauka alamar babba ce. Ai akwai wurin da mutum ke dannawa ya zauna ba ya yaƙi. Da ɗayanku ya faɗa mini, da na zauna, in riƙa tura muku sojoji kawai. Mutum ashirin da tara, ba wanda zai kira ni?”

Ya miƙa hannu, Oga ya mayar da murfin ya ba shi. Ya yi mana sallama yadda ya kamata, ya tafi.

Nan take muka yi ƙoƙarin mayar da shi, wasan ya ce wanda aka kora sai bayan mako guda. Da makon ya cika muka tura gayyata. Bai karɓa ba.

Bayan wasu watanni aka sake sabunta wasan. Ja da kore suka ɓace, makin kowa ya koma sirrinsa. Cikin 'yan kwanaki zauren ya koma yadda yake, ana gaisuwa, ana yi wa wanda ya faɗi sannu. Wannan ya fi komai tayar mini da hankali. Na haɗu da Sista a bakin titi na nuna mata abin da ta rubuta. Ta riƙe baki. “Ni na rubuta wannan?” ta ce. Ba wasa take yi ba, da gaske ta manta.

Na ce wa Oga ya sauke ni daga admin, ya sauke ni bai tambayi dalili ba.

Da damina ta tsaya na je Mbamba. Na samu Bappa a gefen gonar shinkafarsa, ya shimfiɗa mini buhu na zauna. Na ba shi haƙuri, ya ce ya wuce, ya shiga yi mini bayanin wata cuta da ta kama ganyen shinkafar bana. Sai da zan tafi na tambaye shi ko ya daina wasan. Ya ciro wayar ya nuna mini. Ya shiga wata ƙungiya, rubutunsu wasu irin haruffa ne da ban taɓa gani ba.

“Su waye waɗannan, Bappa?”

“Oho. Ina tura musu sojoji, suna turo mini hoton hannu da babban yatsa a sama. Ko sun zage ni ban sani ba.”

Ya raka ni har bakin hanya, ya tsaya tare da ni sai da keke ya zo.