Muryar Baba a Tsohuwar Kwamfuta

Hanane mai gyaran kwamfuta a Zongon Lome ba ta san barin aiki rabi ba. Tafsirin marigayi babanta yana cikin wata tsohuwar kwamfuta mai shirin mutuwa, kuma kebul ɗin siriyal, wata tsohuwar igiyar haɗa injina, shi kaɗai zai kai shi sabar, wato babbar kwamfutar da dangi ke shiga daga nesa. Ta haɗa, shiru.

"Ke dai ki haƙura," in ji yayanta Ayouba.

"Yaya, muryar Baba ce fa!"

Da ta kwance kan kebul ɗin, ashe injinan biyu ta waya ɗaya suke magana, ba mai saurare. Ta musanya wayoyin, ta liƙe da dalma. Can sai ga muryar Baba daga sabar, yana gyaran murya kamar kullum.