Ƙwaryar Sallah Da Ba A Taɓa Miƙa Mini Ba

Bana shekara arba'in ke nan cif da muka rufe Yaya Ɗahiru a Makka, kuma tun da tsufa ya ba ni lasisin faɗin gaskiya, bari in faɗa: har yau ina kishinsa. Ina yi masa addu'a bayan kowace salla, amma kishin bai bar ni ba.

Gidanmu yana unguwar Misfala, shanun Baba kuwa suna wani kwari a hanyar Mina, wajen da yanzu ake kira Aziziyya. A shekarun da nake magana, aikin Hajji da sanyi yake faɗowa. Ruwa kan ɗan sauka, ciyawa ta tsiro tsakanin duwatsu, sai gidan gaba ɗaya mu tare a garke har bayan Babbar Salla. Inna ta yi dambu, mu zagaye wutar busasshen kashin shanu, hayaƙi na sa mu hawaye muna dariya.

Akwai wata ƙwarya da kakarmu ta ɗauko tun daga Katsina, ta ratso Sudan da ita a ka. Ta tsage an ɗinke ta sau biyu. Sau ɗaya ake fito da ita a shekara, ranar Salla. Baba zai miƙa wa ɗa guda ya tatso nono a ciki, kowa ya kurɓa, daga babba har ƙarami. Kowace shekara nakan wanke hannu in tsaya inda zai gan ni. Kowace shekara sai ya ce, "Ɗahiru, yalla, maza karɓi."

Ni aikina Arfa ne. Ranar tsayuwa ni da Baba za mu ɗaura harami, mu ɗora salkunan nono a kan jaki, mu sayar wa alhazai, mu ma mu yi namu aikin Hajjin. Yaya shi ake bari da shanu, don ba sa sakin nono ga kowa sai shi. Na taɓa gwadawa a ɓoye, wata jar saniya ta watsar da ni cikin kashi. Yana fito sau ɗaya duk su ɗago kai. Ni ko na wuni ina fito, kamar da duwatsu nake.

Shekarar da zazzaɓi ya kwantar da shi, na je duba shi da hantsi. Bakina bai iya shiru ba, na ce, "Yaya, kai dai ka more. Ƙwarya taka, shanu naka, Baba naka."

Ya dube ni. Ya ce, "Habu, sau nawa ka tsaya Arfa?"

Na ce, "Goma sha ɗaya."

"Ni ko sau ɗaya. Daga kan dutsen can nake hango ku kuna wucewa cikin farare, ina jin talbiyya ina tatsa. Kullum Baba sai ya ce badi. Ƙwaryar nan ta ban haƙuri ce, ya akhuya, ɗan'uwana. Ba ka gane ba?"

Ban gane ba, wallahi. Shekara da shekaru ina jin zafin an fifita shi, ashe shi ma ni yake bi da ido. Bai kai wata Sallar ba.

Da zai tashi yau ya ga Aziziyya, ba zai gane inda turken jar saniyar yake ba. Benaye ne da motocin alhazai, nono kuwa a kwali jikokina suka san shi. Ina jin abin da zai fara cewa shi ne, yanzu da babu shanu, ai sai a bar shi ya tafi Arfa.

Na yi masa Hajji shekarar da ta biyo, na sake yi masa bayan nan. Wannan ya sauke mini nauyi, amma bai kashe kishin ba. Bayan rasuwarsa shanun nan kwana uku suna kuka, sun ƙi sakin nono, har Baba ya haƙura ya sayar da su. Ni na san ranar da zan tafi babu dabbar da za ta ƙi ciyawa.

Ƙwaryar tana wurina yanzu, gado ne ya kawo mini ita. Ranar Salla nakan zuba mata nonon kwali, yara su kurɓa suna yatsina fuska. Ni kaɗai ba na sha, don har yau ba wanda ya kira sunana ya ce in karɓa. Allah ya jiƙan Yaya Ɗahiru, ya ba shi ladan tsayuwar da shanu suka hana shi.